Memorin Korar Jan-baki

Ban taɓa sayen abin jin waƙa don in ji waƙa ba. Duk wanda ya shigo hannuna, a gona ya ƙare.

Kaset na fara sani, tun ina noma a garinmu. Da aka daina yayinsa sai aka riƙa zubar da shi a bola, mu kuma muna tsinta. A fasa shi da dutse, a zare baƙin zaren nan, a ɗaure daga wannan kara zuwa wancan. In iska ta kaɗa sai ya yi ta walƙiya yana kuka kamar sauro. Tsuntsu ya ji tsoronsa na ɗan lokaci. Daga baya muka fara ganin zaren a cikin sheƙarsu. Sai faifan sidi ya zo, shi ma ya tsufa, muka rataye shi da igiya yana kashe ido. Shi ma suka saba. Na taɓa ganin tsuntsu ya tsaya yana duba fuskarsa a ciki. Ban san waƙar wa na rataye ba, ban kuma tambaya ba.

Ni ba ɗan Yola ba ne. Da ƙafa na shigo daga arewacin jihar, a shekarar da kowa ya gudu, ni da matata da tabarma ɗaya. Ba wannan labarin zan bayar ba. A Jimeta na kama turin kurar ruwa, ina bin gidajen unguwar Ajiya da jarkoki. Na tura har bayana ya lanƙwashe. In na sunkuya ruku'u, sai na yi shawara da ƙashin bayana kafin in ɗago.

Akwai wani dattijo Bafulatani da nake kai wa ruwa. Shi ya ba ni aron fili a fadamar Namtari. Damina ta farko kogi ya cika ya shanye shukar kaf. Na je na gaya masa. Ya ce, "Gwada rani. In ba ka fitar da komai ba, kada ka ga laifina, akwai mai jiran filin."

Bai yi mini rashin adalci ba. Amma na san abin da ke jirana in na faɗi, kurar nan ce. Na kuwa rantse ni da ita har abada.

Shinkafar rani ta yi kyau. Ta yi ciki, ta fitar da kai, ta fara nono. Wanda ya san shinkafa ya san nan ne tashin hankali, don lokacin ne jan-baki ke zuwa. Ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba. Amma ba ya zuwa shi kaɗai. Za ka hango abu daga wajen kogi kamar hayaƙi, kafin ka ɗaure wando ya sauka. Ba ya cinye ƙwayar, tsotse ta yake yi ya bar maka ɓawo a tsaye. Daga nesa gona lafiya lau. Sai ka murza a hannu ka ji iska.

Na ja igiya na rataya gwangwani da tsakuwa. Na kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigata. Na rataye sidi. Sauran aikin na maƙogwaro ne, daga fitowar rana har faɗuwarta. Ni kuwa Allah bai yi ni da yawan magana ba, balle ihu. Ba a daɗe ba murya ta ɗauke. In na buɗe baki sai iska ta fito kamar tayar da ta yi faci.

Gonar da ke jikin tawa ta wata mata ce daga kudancin jihar. Ta girme ni, don haka Adda nake ce mata, yadda ake ce wa babbar ya a nan. Ita ce shugabar matan zumunta a cocinsu. Ban taɓa jin murya irin tata ba. In ta kira mijinta daga bakin kwatar ban-ruwa, mazan wasu ma amsawa suke yi. Ga ta da hannu a majajjawa, in ta yi ihu dutse na biye. Jan-baki sun san ta sarai. Da ta buɗe baki sai su tashi daga gonarta su sauka a tawa. Injin ban-ruwan ma nata ne, kwatar sai ta ratsa gonarta kafin ta iso wurina. Ina zuba mai ranar da layina ne. Mijinta tsohon masinja ne da ya yi ritaya, irina ne, maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba. Hamma nake ce masa, wato babban wa. Gaisuwarmu ɗaga hannu.

Wani mai keke mai ƙafa uku da na saba hawa ne ya ji yadda nake magana, ya ce, "Bappa, kai har yanzu da bakinka kake ihu? Mai maganin gargajiya ma ya daina. Je ka layin masu waya a sa maka a memori."

Na je. Na sami mai kwamfutar da ya kwatanta mini a cikin babbar kasuwar Jimeta, wani mai gemu a ƙaramar rumfa. Ya ɗora kwamfutar a kan murafun kwalba huɗu don ta sha iska, ga 'yar fanka tana yi mata fifita, shi kuwa yana ta gumi. Sama da kansa caja da kebul da iyafis sun sauko kamar jijiyar cediya.

Ya ce, "Bappa, me za a loda? Wa'azi, ko na Fulani, ko na Indiya?"

Na ce, "Ihu."

"Na'am?"

"Ihu nake so. Na korar tsuntsu."

Ya dube ni, ya leƙa rumfar maƙwabcinsa mai sayar da murfin waya, wani ɗan kudu, ya ce, "Oga, zo ka ji sabon kasuwa." Da na yi musu bayani da abin da ya rage mini na murya, sai mai kwamfutar ya daina dariya. Abin ya ba shi sha'awa. Ya ce yana da maganinsu. Ya cusa mini iyafis a kunne ya danna wani abu. Sai ƙarar bindiga a tsakiyar kaina, daga wani fim. Na zare abin na ajiye masa a kan tebur.

Na ce, "Cire."

"Bappa, ai ita ce za ta fi..."

"Na ji ta gaske. Cire."

Ya cire. Bai ƙara tambaya ba. Tun daga nan na yarda da shi.

Ya sa haushin kare. Ya aro tasa a wurin mai abinci ya buga da cokali. Shi da ɗan kudun suka tsaya gaban kwamfuta suna kwarara ihu, wannan na cewa "Haa! Shuu!" wancan na cewa "Oya! Komot!" har wani ɗan dako ya ajiye kaya ya zo rabon faɗa. Aka zuba duka a memori. Abin bai kai farcen ƙaramin yatsana ba. Na juya shi a tafin hannu, na ce, "Duk ihun nan yana cikin nan?"

"Har da sauran wuri, Bappa. In kana so a sa maka kasuwar gaba ɗaya."

Ya sayar mini da 'yar rediyo mai cin memori, ja da baƙi, girman sabulun wanki, amma bakinta ya fi jikinta. Ya gane ba na karatu, bai kuwa nuna ya gane ba. Ya ɗiga farin fenti a kan maɓalli ɗaya. Ya ce, "Fari, ta yi magana. Ka sake dannawa, ta yi shiru. Wannan ja kuwa ba ruwanka da shi."

Na ɗaure ta a kan gora a tsakiyar gona, na kifa mata tsohuwar malafa saboda rana. Na danna fari. Kare ya yi haushi, jan-baki suka watse. Na zauna a inuwa na sha kunu da hannu biyu. Rabon da in yi haka tun da shinkafa ta fitar da kai.

Sai dai ci gare ta. Kafin azahar wuta ta ƙare, kare ya koma gurnani, ɗan kudu ya koma kamar mai barci. Na sake komawa Jimeta aka haɗa ni da fawa banki da kebul. Kullum da yamma in kai su wurin mai caji a bakin titin Namtari, da safe in karɓa. Matata ta ce, "Malam, ko jariri ba a yi masa hidimar da kake yi wa abin nan."

Na ce, "Jariri ba ya korar tsuntsu."

Daɗin bai daɗe ba. Bayan kare sai tasa, bayan tasa sai mai kwamfuta, bayansa sai ɗan kudu, sai kuma kare. Ni ma na haddace, balle su da ba su da wani aiki. Suka fara tashi kaɗan su dawo. Suka daina tashi. Wata safiya na iske su jere a kan malafar, kare yana haushi a ƙarƙashinsu, suna gyaran fiffike.

Na kwance rediyon na jefa a aljihun riga. Ranar kuma raina a ɓace na buɗe kwata na sako ruwa, ban lura ba layina ba ne. Sai ga Adda tana ratso shinkafa, zani a ɗaure a ƙugu.

"Malam! Malam, da kai nake! Wa ya buɗe kwatan nan? Aljani? Kai ba ka magana, gaisuwa ma sai gyaɗa kai kamar ƙadangare, amma hannunka ya san hanyar ruwan mutane! Ka kawo mana kare na ƙarya ya hana mu sakat, tsuntsu na dariya, mu muna ciwon kai! Mai na wa ya ƙone yau? Na ubanka ne? Dube ni in ina magana!"

Ta daɗe. Ta taɓo damina, ta taɓo mutum-mutumina, ta ce ya fi ni fara'a. Ni dai hannuna na cikin aljihu, ina matse rediyon don kada bakina ya buɗe. Da ta gama na je na toshe kwatar. Washegari ta tafi taron matan coci na kwanaki can wajen Numan, ta bar wa Hamma gadin gona.

Ni kuma na koma wurin mai kwamfuta. Na ce, "Sun saba."

Ya zare memorin ya sa a kwamfuta, ya maƙala iyafis. Can sai na ga kafaɗarsa na rawa. Ya kifa kai a kan tebur. Ya ɗago hawaye na zuba cikin gemu.

"Bappa, ka taɓa ja?"

"Ban sani ba."

"Ka taɓa." Ya share ido. Ya yi ta yanke-yanke da danne-danne. Ya ce ya gauraya su, yanzu ba mai sanin abin da zai biyo bayan wani, ya kuma sa shiru a tsakani, wani gajere wani dogo. "Na ƙara maka wani magani kuma. In wannan bai kore su ba, ka koma sayar da goro."

Ban tambaye shi wane magani ba. Da safe na ɗaure ta a gora. Hamma yana zaune a ƙarƙashin rumfar kara a gonarsu, ya miƙe ƙafa, yana zuƙar sigarin da matarsa ta hana shi. Jan-baki sun baje a gonakin biyu kamar an gayyace su suna. Na danna fari. Shiru. Na ɗauka ta lalace. Sai kawai:

"Malam! Malam, da kai nake!"

Ni kaina sai da na waiga. Hamma ya yi tsalle ya cusa sigarin cikin laka, ya ɗauki majajjawa yana juyawa ba dutse a ciki. Tsuntsu kuwa ya tashi daga gonata da tasu lokaci ɗaya, sama ta yi duhu, suka nufi kogi ba waiwaye.

Muka tsaya muna kallon juna, ni da Hamma. Muryar na fitowa daga ƙarƙashin malafa tana tambaya ko man na ubana ne.

Na ce, "Hamma, in kashe?"

Ya dubi sama. Ya dubi shinkafa. Ya dubi inda sigarinsa ya nutse.

Ya ce, "Bari tukuna." Can ya ƙara da cewa, "Tana da wurin ƙara murya?"

Na gane dalilin daga baya. Kare bai taɓa jifan su ba. Adda kuwa duk ihunta da dutse a bayansa. Don haka muka raba aiki. In ta yi magana, ni in saki majajjawa daga nan, Hamma daga can. Baki nata, hannu namu. Kullum in canza wa gorar wuri. Kwanakin nan sun fi kowane daɗi. Ana zagina daga safe har yamma, ina cin rogo ina kallon shinkafata na cika.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne hanya. Akwai 'yar hanya da ta bi gefen fadama, mata na bi zuwa itace da kasuwa. Suna ji. Ba sa ganin kowa sai shinkafa, amma muryar ba a ɓoye take ba. Magana ta shiga gari cewa shugabar zumunta ba ta je taro ba, tana fadama tana zagin maƙwabcinta Musulmi tun safe, ko ruwa ba ta tsayawa sha. Wata ta rantse ta gan ta. Kafin Adda ta sauka daga mota labari ya riga ta isa coci. Matar fasto ta kira ta gefe ta yi mata nasiha a kan harshe.

Ta zo gona da ankon zumunta a jikinta, ko gida ba ta biya ba. Ta iso daidai inda ake cewa mutum-mutumi ya fi ni fara'a. Ta tsaya. Hamma ya tuna yana da aiki a can ƙarshen kwata.

Ban taɓa ganin bakinta a rufe ba sai ranar. Ta saurara har aka kai shiru. Sannan ta ce, a hankali, "Malam, ciro ni daga ciki."

Na kwance rediyon.

"Shekara nawa ina gaban matan nan. Yau yara na nuna ni a hanya. Ba ni."

Na zare memorin na miƙa mata. Ta ƙulle shi a bakin zani ta juya. Na so ta zage ni, da ya fi sauƙi.

Na ɗauka za ta hana ni ruwa. Ba ta hana ba. Abin da ta yi ya fi haka, shiru ta yi. Ta zo gona ta zauna a rumfa, tsuntsu ya sauka a gabanta, ta kaɗa gefen gyale kamar mai korar ƙuda. Kunya ta kama ta, ba ta so a sake jin muryarta daga hanya. Jan-baki suka gwada, suka ga ba komai, suka aika wa danginsu. Ni da Hamma muna jifa har kafaɗa ta sage, amma dutse ba ihu kamar tuwo ba miya ne. Saura kaɗan ƙwaya ta yi tauri ta fi ƙarfin bakinsu, kaɗan ɗin nan kuwa ya isa su gama da mu. Gefen gonata na wajen kogi ya riga ya yi fari.

Matata ta ce, "Ka je ka ba ta haƙuri."

"Da wace murya?"

"To ka fara shafa wa bayanka man zafi, kura na jira."

Da safe na shiga gonar Adda, na tsinko kan shinkafa cike da hannu daga tsakiya, ba daga gefe ba. Na je rumfa na ajiye a gabanta. Ta ɗauka ta murza. Ta hura. Duka ya tashi. Ta sake ɗaukar wani ta murza, shi ma haka.

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Ta ce, "Ina mai kwamfutar nan yake?"

Muka hau keke mu uku har da Hamma, sai Jimeta. Mai kwamfuta na hango mu ya miƙe tsaye. Bai taɓa ganin ta ba, amma da ta ce "Sannu" ya gane.

"Mama, barka da zuwa. Ga kujera, Mama."

"Kai ne ka yanka ni gunduwa-gunduwa?"

"Aiki ne, Mama."

Ta kwance bakin zani. "Kashe shi ina gani."

Ya sa a kwamfuta, ya nuna mata wani abu a gilashi, ya danna, abin ya ɓace.

"Ya mutu?"

"Ya mutu, Mama."

"To. Yanzu ɗauki sabo. Amma da tsuntsu zan yi, ba da mutum ba. Kowa ya ji daga hanya ya san da wa nake."

Ya kawo ɗan makirfo ya riƙe mata. Ta gyara ɗankwali, ta yi gyaran murya kamar za ta ba da sanarwa a coci. Ta ce, "Ku tsuntsaye, don Allah ku tafi. Ku bar mana abincinmu."

Mai kwamfuta ya sosa gemu. "Mama, wannan ai gayyata ce. Ni ma in na ji sai in zo."

Ta sake. Ta ɗaga murya, amma ba barkono. Mutanen layi sun fara taruwa, ita kuwa idon mutane ne ya kawo ta nan tun farko. Ɗan kudun ya ce, "Mama, yi kamar an taka miki kaya." Ta harare shi. Ta sake gwadawa, abin ya ƙara lalacewa. Ta ajiye makirfo ta ce ba za ta iya ba, ba a yin fushi da oda.

Na ga keke, na ga hanyar Namtari, na ga kura. Na matso kusa. Muryata ta ɗan dawo lokacin, daidai ta magana ɗaya.

Na ce, "Adda, bar shi. Dama shinkafarki ba ta yi kyau ba bana. Taki kika cika mata."

Hamma ya ja da baya.

"Ni? Ni za ka koya wa taki? Kai da kogi ya..."

Mai kwamfuta ya cafke makirfo ya kai bakinta, yana nuna kwanon rumfa da ɗaya hannun. "Ga su can, Mama! Tsuntsaye! Su ne suka ce!"

Ta gane abin da muka yi, na ga haka a idonta. Amma mota ta riga ta tashi. Ta juya kan makirfo.

"Ku tsuntsaye! Ku jan-baki marasa kunya! Kun yi noma? Kun sayi mai? Wa ya shiga laka har gwiwa, ku ko ni? Ɓarayin rana! Ku tashi kafin in iso! Na gan ka, kai mai jan bakin nan, da kai nake! Uwarka ba ta koya maka gonar mutane ba? Haa!"

Ta yi da Hausa, ta juya da yarensu, ta taɓa Fulatanci. Tantabarun da ke kan kwanon kasuwa suka tashi. Layin masu waya ya ɗauki tafi. Ta tsaya tana haki, ta gyara ɗankwali, ta ce wa mai kwamfuta, "In na ji Malam ko ɗaya a ciki, zan dawo."

"Zan tace, Mama."

Ta juyo kaina. "Kai kuma, maganar takin nan ba ta ƙare ba."

Ta sayi tata rediyon, aka zuba mana memori biyu. Muka kafa gora ɗaya a gabas ɗaya a yamma, Adda na kira daga nan Adda na amsawa daga can, ta ukun kuma na tsakiya da majajjawa, don bakinta ya buɗe tun a keke. Ranar Lahadi ta ce in kunna tata ma, ita za ta coci, wadda ke cikin rediyo ba ta san Lahadi ba. Ta kuma kawo matar fasto har gona ta nuna mata malafar da abin da ke ƙarƙashinta. Matar ta yi dariya har ta zauna a kan kunyar gona. Kafin ta tafi ta tambaya ko za a zuba wa ƙaninta, shi ma yana da shinkafa.

Haka abin ya bazu. Manoma suka riƙa zuwa rumfar nan suna cewa a loda musu na Mama. In ka ratsa fadamar a lokacin nono, ta ko'ina ita ce. Wani baƙo ya taɓa tambayata ko su nawa ne a gidansu.

Ƙwaya ta yi tauri. Muka yanka, muka buga. Tsuntsu ya ci rabonsa, gefen kogi bai ba ni komai ba sai ƙaiƙayi. Sauran ya cika buhuna. Dattijon ya zo da kansa, ya tura hannu cikin buhu har wuyan hannu, ya ɗebo, ya ciji ƙwaya ɗaya. Ya ce, "Baɗi ma kai ne."

Ban sake taɓa kura ba. In na shiga Ajiya na ga mai turawa, ina kauce masa da wuri, na san nauyinta.

Rediyon farko ta mutu tuni, ruwa ya shige ta. Na canza wasu bayanta. Memorin yana nan, a cikin kwalin ashana nake ajiye shi, in shinkafa ta fara nono in fito da shi. Jan-baki sukan saba, sai mu huta da shi mu sake dawowa. Adda ta tsufa yanzu, ta sauka daga shugabanci, muryar ta ragu, ba ta kai bakin kwata. Takan zo gona duk da haka, ta zauna a rumfa kusa da Hamma, wanda har yau sai ya ɗan zabura in an fara. Rannan na kunna, ta karkata kai tana saurare har aka kai wajen "ɓarayin rana".

Ta ce, "Malam, yarinyar nan tana da murya."

Na gyaɗa kai.